Garin Tsingaro a Cikin Tuwo

Ƙasarmu ta Gagarawa rairayi ce, sai ka yi tafiyar yini ba ka ga dutsen da za ka jefi tsuntsu da shi ba. Ga masassaƙi irina wannan ba ƙaramar damuwa ba ce, don gizago da wuƙar sassaƙa ba sa ci sai da washi. Mawashi ɗaya gare ni, na gado, ya sha guga har tsakiyarsa ta lotsa kamar sirdi. Yana fitar da kaifi, amma mai kaushi. Ya isa turmi da taɓarya, bai isa allo ba.

'Yan shekaru kafin mulkin kai, aurena bai fi shekara biyu ba, wani malami mai makaranta a Ɗanzomo ya aiko in sassaƙa masa alluna. Na yi uku na kai masa. Ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Masassaƙi, ai wannan in an ɗora alƙalami tuntuɓe zai yi." Na ɗoro kayana a jaki, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar kasuwar Maigatari na zauna gaban wani tsohon wanzami kamar aski ne ya kawo ni, alhali kwana uku ke nan da yin askina. Na ga yana goga askarsa a kan wata fata mai jan maiƙo, ya ɗago ta tana walƙiya.

Na ce, "Baba, me aka shafa wa fatar nan?"

Ya ce, "Albarka."

Sai da ya kankare mini kai tas, sannan ya raɗa mini cewa garin tsingaro ne da man shanu. Amma ba kowane tsingaro ba, sai na tukunyar da ta gasu sosai, wadda in ka ƙwanƙwasa take amsawa.

Na dawo na shiga bin juji ina tsintar fasassun tukwane, ina ƙwanƙwasawa a kunne. Maƙwabta suka koma gaishe ni daga nesa. Duk tsingaron da na daka sai in tarar da yashi a ciki, ya kakkarce bakin wuƙa. Na gwada toka, ita kuma ba ta ci.

Ashe abin da nake nema yana ɗakin matata: wata jar randa da kakarta ta ba ta, wadda ko ƙwarya ta taɓa ta sai ta yi ƙara kamar ƙarfe. Da ta tafi rijiya na ɓantari bakin randar, na juya wurin ya fuskanci bango. Na niƙa a dutsen niƙanta, na share da hannu, na koma gindin aduwa ina sassaƙa kamar ban san komai ba.

Da la'asar sakaliya aka kawo tuwo. Lomar farko na ji ƙuras a haƙori. Matata ta zauna gefe ta zuba mini ido.

"Maigida, yau geron nan ja ya fito. Ko ka san dalili?"

"Wataƙila irinsa ne haka."

"To, ci mana. Wanda ya yi wa randata giɓi ai ƙarfi yake bukata."

Haka na cinye akushin nan ina taunawa a hankali kamar tsoho, sannan na faɗi gaskiya. Na zaci faɗa za a yi, sai ta kama dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai da ke neman laushi, ba ka taɓa ganin yadda ake yin gasara ba?"

Ta zuba garin randar da na niƙa a ƙwarya, ta dama da ruwa, ta ɗan jira tsakin ya sauka, ta tsiyaye jan ruwan saman a wata ƙwaryar ta rufe. Da safe ya kwanta, laushi kamar kwalli. Muka shanya, muka kwaɓa da man shanu, na shafa wa gutsuren fata. Guga goma na yi wa wuƙar bayan mawashi, na ɗora ta a hannuna, gashi ya zube. Da na sake gyara allunan na mayar, malam ya shafa ya sake shafawa, ya ce in ƙaro.

Fatar farko dai ba ta yi mako ba. Na bar ta a kan kututture na shiga alwala, na fito na tarar da akuyarmu tana tauna ƙarshenta, baki ja wur kamar ta ci goro. Na bi ta da gudu har bayan rumbu, matata na tsaye a ƙofar ɗaki tana cewa, "Bar ta, Maigida, ita ma haƙoranta take wasawa."