Kwalba Biyu a Teburin Yaya Celestina

Ranar Talata, bakwai ga Maris 2017, da hantsi, ina wurin aiki a Manchester, mijinki Gamaliel ya kira ni daga unguwarku ta Erdington a Birmingham ya ce kin rasu. Ciwon zuciya ne, kwana biyu kacal kika yi a asibiti. Yaya Celestina, yau sati uku ke nan, har yanzu sai in ɗauki waya in nemi lambarki kafin in tuna.

Ke kika riƙe ni lokacin da na zo ƙasar nan ko rigar sanyi ba ni da ita. Wata takwas ina kwana a falonki, ba ki taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Da aka rage ma'aikata a wurin aikin Gamaliel har da shi, shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kika ƙara aikin kula da tsofaffi har ranar Asabar, kika ce wa 'yan coci ke ce ba kya iya zama wuri ɗaya. Ni na san asirin mijinki kika rufa.

Shekara ashirin da shida kuna tare, abu ɗaya na sani kuka kasa shiryawa a kansa, wato ruwan inabi. Shi ja yake so, mai bauri. Ke fari, mai zaƙi. Kowace Lahadi bayan sujada kwalba biyu ake girkewa kusa da gwaten acha. Ya ce naki ruwan alewa ne na yara, ki ce nasa jiƙon maɗaci ne, mu yi ta dariya. Kowa kofi ɗaya, a mayar da murfi. Dokarki ce, ba a buɗe kwalba sai ɗayan yana zaune. Ni da na ɗauka iyayi ne kawai irin naki. Sai yanzu na gane tsare shi kike yi, don kin san yadda mahaifinsa ya ƙare a gidajen burkutu.

Yaya, tsoro nake ji. Masu zuwa gaisuwa sun san ku da kwalba biyu, sai kowa ya riƙa shigowa da nasa biyun, ja da fari, wai don tunawa da ke. Da zuciya ɗaya suka yi. Asabar da ta wuce na zo ban sanar ba. Ƙarfe sha ɗaya na safe na same shi a kicin, labule a rufe, gemu ba aski. Jan duk ya ƙare. Farin naki ne a hannunsa.

Na daure na tsokane shi kamar da. "Baban Angelina, yau kuma ruwan alewa ake sha?"

"Justina, I'm fine, kada ki damu," ya ce, bai kalle ni ba. "Ba mai sha ne, kar ya lalace."

Na roƙe shi ya ga likita. Ya ce, "GP ba appointment sai bayan Easter." Na kwashe abin da ya rage na kai wa maƙwabta, amma shagon da ake sayar da shi yana bakin layi, ni kuma Litinin dole in koma aiki. 'Yarku Angelina tana can makaranta tana jarrabawar ƙarshe, na rasa yadda zan gaya mata halin da babanta yake ciki.

Allah ya ji ƙanki, Yaya, ya gafarta miki, ya ba ki hutu a wurinsa cikin sunan Yesu. Ya ba Gamaliel da Angelina da danginmu na gida haƙurin wannan rashi. Ku kuma 'yan'uwa na coci da ke Birmingham, ina roƙonku don girman Allah, wanda zai je gidan kada ya riƙe komai a hannu. Ya je ranar Lahadi da rana, ya ja kujera ya zauna, ko Gamaliel ya ce ku tafi kada ku tafi. Na binne yayata a watan nan, ba zan iya binne mijinta ba.