Sallama a Ɗaki na Bakwai

Shekara ashirin kawuna yana gadin gidan hayar ɗalibai, ɗaki talatin a bayan jami'a. A da hayar ta shekara guda ce cur. In za su tafi dogon hutu sai su bar masa amanar kayansu, ya wuni yana shanya katifar wannan, yana toshe ramin ɓera a ɗakin wancan, yana mita: "Yaran nan sai sun ga bayana!"

Bana aka yi doka, hayar ɗalibi ta ƙare ranar da aka rufe makaranta. Kawu ya fi kowa murna. Rana ɗaya suka kwashe komai, ko tsinke ba su bari ba.

Kwana biyu ya huta, na uku zama ya gagara. Ya share tsakar gida, ya sake sharewa, ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau. Matarsa ta ce, "Malam, wai ƙaya ce a kujerar?"

Jiya na kai masa abinci, na tarar da shi a ƙofar ɗaki na bakwai, makulli a hannu. Ya san ba kowa ciki. Duk da haka sai da ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ya tsaya yana jiran a amsa.