Bawi, Kalmar da Na Ji a Bakin Raga

Ban taɓa son ƙwallon raga ba. A Zariya inda na tashi, wasan 'yan makarantar kwana ne, mu tamola muka sani. Sai ga shi a Doha, da matata da 'ya'yana biyu a gida, da furfura a gemuna, na wayi gari ina tsalle a gaban raga don kada a mayar da ni Najeriya.

Gadi nake yi a lokacin, a wani dogon gini na ofisoshi da ke Bin Mahmud. Kamfaninmu na kula da gine-gine ne, akwai masu gyaran esi da masu lantarki da masu shara, sai mu sikiriti. Kwatsam babbar kwangila ta suɓuce wa kamfanin, aka shiga sallamar mutane. A kira ka ofis, mudir, wato manaja, ya ce maka "kalas", wato an gama, a soke bizarka. In ba ka sami wani kafil, wato ubangidan da zai tsaya maka a kan biza, da zai ɗauke ka cikin ɗan lokacin da aka ba ka ba, sai filin jirgi. Ni kuwa gonar gadona na sayar na zo, in na koma ba ni da inda zan dafa, ga mahaifiyata a hannuna. Duk ranar da aka kira wani a cikinmu, ko abinci ba na iya ci.

A unguwar Mansura muke kwana, ɗaki ɗaya gadaje hawa biyu. Mai gadon da ke ƙarƙashin nawa wani Bakano ne, direban bas ɗin kamfani, mai baki kamar reza. Wasan Kanawa da Zazzagawa ya biyo shi har nan, ba ya kirana da komai sai "bawana", ni kuma in rama da abin da ya fi haka. Shi ya kawo mini maganar, muna shan shayin karak.

"Kai bawana, wannan tsawon naka na banza, me kake yi da shi ban da canza ƙwan fitila?"

"Ƙarshenka nake hangowa da shi."

"To hango naka tukuna. 'Yan Filifin ɗin kamfaninmu na neman dogo a ƙwallon raga. Tunda aka fara kora, ka ga an taɓa ko mutum ɗaya cikin masu buga wa kamfani ƙwallo?"

Gaskiya ya faɗa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na shiga bas ɗinsa, muka nufi Al Wukair.

Zauren wasanni na wata makaranta suke haya. Ina shiga hayaniya ta dake ni: usur, ganga, mata na sayar da soyayyar taliya a robobi, kowace ƙungiya da sunan kamfaninta a ƙirjin jesi. Kocinmu shi ne shugaban masu gyaran esi, wani gajeren dattijo mai ɗaure gwiwa da bandeji. Kowa Kuya yake ce masa, wato yaya a harshensu. Ya tsayar da ni a gindin raga, ya ce in ɗaga hannu. Da ya ga inda yatsuna suka kai, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da guntun Turanci muke magana ni da shi, nawa ya karye, nasa ya gurgunce, amma muna gane juna. Na ce masa ban iya komai ba, kuma ba zan sa gajeren wando ba. Ya ce in sa duk abin da na ga dama, in dai zan tsaya in zama katanga.

A bas, kan hanyar komawa, Kuya yake ba ni tarihin abin. Ya ce a ƙasarsu kamfanoni ne ke da ƙungiyoyi, mai fenti da tasa, mai siminti da tasa, mai taliya da tasa. Daga wasan ma'aikata bayan tashi daga aiki aka fara, har ta kai kamfani yakan ɗauki mutum aiki don hannunsa a ƙwallo. Da suka zo Doha sai suka zo da al'adar. Ya ce farkon gasar nan a kan yashi aka yi ta, bayan sansanin leburori, da igiya da aka ɗaure tsakanin motoci biyu, ragar farko kuwa wani tsohon masunci ne a cikinsu ya saƙa ta. Daga yashi suka koma filin ajiye motoci, daga nan suka sami zaure. Shi kansa ya buga da sunan kamfanoni da yawa, kuma kusan da mutanen nan dai. Kamfani in ya mutu ko ya janye, sai ƙungiya ta nemi wani, ta canza riga. Na saurare shi da kunne ɗaya, ni abin da ya dame ni bizata ce.

Ashe tsayawa ma aiki ne. In yi tsalle da wuri, in sauko ƙwallo ta wuce ta kaina. In taɓa raga, rafali ya busa. Ƙwallo ta doki goshina, ta doki kafaɗata, ta lanƙwasa mini yatsa har na kasa riƙe buta. A wasana na farko ne, da na bar wata ƙwallo mai sauƙi ta faɗi a gabana, na ji su gaba ɗaya sun juyo kaina suna tafi suna cewa, "Bawi! Bawi!" Wani har ya daki bayana.

Jinina ya tsaya. Na san Bakanon nan yana koya musu Hausa a bas, kuma na san yadda bakinsu ke karkata ta. Sannu ta zama "sanno", Dogo da suke kirana ya zama "Dogu". To me "bawi" zai zama in ba bawa ba? Da muka koma ɗaki na tare shi.

"Malam, tsakaninka da Allah, kai ka koya musu?"

"Me kuma?"

"Abin da suke ce mini in na yi kuskure."

Ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Ka gani ko? Har a Filifin an san matsayinka!"

Shi wasa yake yi, bai ma san kalmar da nake nufi ba. Ni kuwa na ɗauka ya amsa laifinsa. A bakin Bakano kalmar nan gishirin zumunci ce, kakanninmu sun yi ta da nasu. Amma a bakin baƙo, a ƙasar da kafil ke riƙe da zamanka da tafiyarka, a gaban zaure cike da mutane ni kaɗai ne baƙar fata, wani abu ne daban. Ni mutum ne mai zuciya, a gida an san ni da haka. Da a Zariya ne, da ranar an raba mu da ƙyar.

Amma na haɗiye. Juma'a ta zagayo na shiga bas, ta sake zagayowa na sake shiga. Su ce "bawi", in ɗaga hannu in yi murmushi, ina jin kamar in haɗiyi zuciya in mutu. A wurin gadi, in babu kowa a harabar gini, sai in riƙa gwada tsalle ina taɓa allon da ke saman lifta. Na tsani wasan, na tsani dariyarsu, na tsani kaina fiye da duka. Wata rana 'yata babba ta gan ni da jesi ta waya, ta ruga tana kiran uwarta wai Baba ya zama ɗan ƙwallo. Na yi mata dariya, na kashe wayar, na daɗe a zaune a bakin gado ban cire takalmi ba. A sujada ban roƙi komai ba sai Allah Ya sa wulaƙancin nan ya biya.

Bai biya ba. Ana dab da ƙare gasar kamfani ya ce ya janye daga ƙwallo gaba ɗaya, aka kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya, har da Kuya. Mudir bai ko ɗago kai ba da ya ce mini "kalas". Na fito rana na dukana a titin Bin Mahmud, na rasa ko ina zan nufa. Na zubar da mutuncina a banza, ga shi kuma zan koma gida hannu rabbana.

Kuya ya same ni a tashar metiro. Ya ce kada in karaya, manajan wani kamfanin ajiyar kayan sanyi zai zo kallon wasanmu na ƙarshe. In mun burge shi, zai ɗauki ƙungiyar, kuma yana bukatar masu gadi. Ya ce haka gasar take tun farkonta, riga ce ke canzawa. Ranar Juma'a na shiga bas.

Manajan yana zaune a layin gaba, hannu a harɗe. Na tare ƙwallo biyu masu kyau, zaure ya ɗauki ihu. Sai wasa ya juya mana baya. Aka ɗago mini wata a daidai raga, wadda ko yaro zai dankara, na kai mata duka na sami iska, ta faɗo a kan ƙafata. Na ga manajan ya sunkuya yana duba wayarsa. Sai tafin nan ya tashi. "Bawi, Dogu! Bawi!"

Tura ta kai bango. Na cire jesin na maka da ƙasa, na yi kan Kuya ina ihu da Hausa da Turanci a haɗe. Na ce ni ɗa ne, ubana ɗa ne, ba a taɓa sayen kowa a gidanmu ba. Na ce an riga an kore ni, me ya rage da zan ci gaba da amsa sunan bawa? Rafali ya tsayar da wasa, ganga ta yi shiru. Bakanon ya diro daga kan benci ya riƙe ni ta baya yana cewa, "Subhanallahi, ɗan'uwa, me ya faru?" Ranar ce ta farko da bai ce mini bawana ba.

Kuya bai ja da baya ba. Ya tambayi Bakanon me nake faɗa, shi kuma ya fassara masa kalmar da Turanci. Na ga fuskar dattijon nan ta canza, ya dafa sandar raga.

"A'a," ya ce. "Bawi harshenmu ne. Abin da ya kuɓuce maka, ka je ka karɓo shi. An ci mu wannan, mu ƙwato na gaba. Shi ke nan."

Sai a lokacin na tuna suna faɗa wa junansu ma. Amma wa ke kuskure kamar ni, balle in lura?

Ya matso kusa, murya ƙasa-ƙasa. "Tun yaushe kake jin haka?"

"Tun ranar farko."

"Kuma kake zuwa duk Juma'a? Kana mana murmushi?"

"Ina da 'ya'ya, Kuya."

Ya sunkuya da gwiwar nan tasa, ya ɗauko jesin, ya kakkaɓe ta, ya miƙo mini da hannu biyu. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka, kuma ban ji kunyar kowa ba. Na sa rigar, aka busa usur.

Ƙwallo ta gaba ma a wurinmu ta faɗi, wani mai lantarki ne ya kasa ɗauka. Hannaye suka ɗaga za a tafa, sai suka tsaya a iska. Kowa ya dubi ƙasa, babu wanda ya iya buɗe baki. Shirun ya fi mini zagin da na zata ciwo. Na tafa hannuna da ƙarfi, na ce, "Yalla, mu je, bawi!"

An cinye mu a wasan. Manajan ya tashi tun kafin a gama, na bi bayansa da ido har ya fita, na ce shi ke nan, na kashe kaina da bakina. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne Kuya ya bi shi har ofis, aka ce za a ɗauki 'yan Filifin ɗin ban da mai rigima, shi kuma ya ce ƙungiya ba ta canza riga ta bar katangarta a baya. Ya yi ta zarya, lokacinsa na ƙarewa kamar yadda nawa ke ƙarewa. Na riga na ɗaure jakata da igiya ranar da aka kira ni in je a ɗauki hoton yatsuna don sabuwar biza.

Yanzu a ƙofar wani sito na kayan sanyi nake gadi, jesinmu shuɗiya ce, kuma har yau ban iya wasan kirki ba. Na roƙe su, na rantse musu cewa komai ya wuce. Amma in ƙwallo ta faɗi a gefenmu, sai su yi tsit su juyo suna kallona, ba mai faɗin kalmar sai na fara faɗa.