Hanyar Kawu Trofim

Da hantsin ranar Talata, sha biyar ga Afrilu, Raisa ta ƙwanƙwasa tagar gidan waya, kuma tun kafin in buɗe na gane daga tsayuwarta. Allah da ya ba mu aron mahaifinta, Trofim Arhipovich Teppoyev, shekara saba'in da tara, ya karɓi abinsa. Ya cika a kan gadonsa, a gidan da ya gina da hannunsa a bakin tafki, bayan kwana uku bai ce uffan ba. Daga wurin Ubangiji muka fito, can kuma za mu koma, amma rashin nan ya taɓa kowane gida a Pelnavolok.

Kawu Trofim, ni ce Taisiya mai kai wasiƙu, wadda ka laƙaba wa Taya Sarkin Gaggawa. Shekara ashirin da biyu ina hawa babur ɗin ƙanƙara ina bin hanyarka zuwa tsibiri, ban taɓa ce maka na gode ba, don na san harara zan samu. Yau da ba ka da bakin hana ni, zan faɗi abin da ke raina.

Kilomita bakwai ne daga bakin gaɓarmu zuwa tsibirin, inda gidaje shida suka rage, da ƙaramin coci, da tsohuwar maƙabarta. Duk Disamba, idan tafki ya daskare, kai ne na farko da ke taka shi, a ƙasa, igiya ɗaure a ƙugu, dagi a hannu. Ka soka, ka saurara, ka ƙara taku. Duk taku talatin sai ka huda ƙanƙara ka kafa reshen yolka, itacen nan da ganyensa ke zama kore ko a hunturu. Ranar da muka ga koren layin nan ya miƙe har tsibiri, ranar ake tayar da babura. Idan kuma ƙanƙara ta fara ruɓewa, sai ka je wurin da ya fi haɗari ka ɗaure rassa biyu a gicciye, sannan ka tuge sauran kana dawowa gida, shi ke nan an rufe hanya. Ba wanda ya naɗa ka. Wurin mahaifinka ka gaji aikin, kuma ka riƙe shi shekara hamsin babu hunturun da ka tsallake.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, kai mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ka iya lallashi ba, kuma shayinka ya fi kwalta baƙi. A shekarata ta uku a aiki, wata safiyar Afrilu na ɗaure jakar wasiƙu, na ja igiyar babur har kafaɗata ta yi tsami, ya ƙi tashi. Ina ɗaga kai na gan ka zaune a kan shinge kana juya fulogina a tafin hannu.

"Kawu, ba ni kayana, aikin gwamnati nake yi."

"To, gwamnatin ta iya iyo?"

Na gaya maka maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ka ɗaura mini igiya, ka sa ni gaba a ƙasa har Maƙoshi, inda tafkin ya tsuke tsakanin duwatsu biyu, ruwa na gudu a ƙarƙashi ko a tsakiyar hunturu. Ka soka dagi sau ɗaya tak. Ruwa ya ɓulɓulo, ƙanƙarar ta wargaje tsinke-tsinke kamar an zubar da kwalin kyandir. Jiya-jiya na wuce ta nan a guje. Da muka dawo, da kanka ka mayar da fulogin, sannan ka rataya mini ƙusoshi biyu masu ƙotar itace a wuya, irin waɗanda mutum ke cakawa ya jawo kansa idan ya faɗa. Ka ce a saman riga ake sa su, ba a aljihu ba. Babu mai hawa babur a garin nan da ba ka yi wa irinsu ba, har masu zaginka.

A ranar ka koya mini karanta launi. Baƙar ƙanƙara mai sheƙi ita ce mai ƙarfi, fara rabin ƙarfinta gare ta, mai ruwan toka kuwa ta riga ta mutu, binne ta ne kawai ba a yi ba. Ka hana mu jerawa kusa da juna, ka hana mu gudu idan mun doshi gaɓa, ka hana a ɗaure yara a jikin amalanken da babur ke ja. Abin da ya fi ɓata maka rai shi ne mutum ya bar rassa ya bi sawun wani. Kakan ce sawu bai gaya maka komai ba sai cewa jiya wani ya yi sa'a.

Mutanen birni ba sa son jin haka. Ina tuna wani mai jan babur sabo fil da ya zo kamun kifi, ka tare shi a gaɓa, ya ce wa abokansa ga maigadin ƙanƙara nan, ku ba shi na sigari. Kafin rana ta yi tsaka yana cikin ruwa har wuya, nesa da rassanka da taku ɗari biyu. Kai ne ka ja ciki a kan tsani har ka kai gare shi, kana da shekara sittin da takwas. Ka kai shi gidanka, ka ba shi wandonka da rigarka, ka ƙwace kwalbar da abokansa ke ƙoƙarin ɗura masa, ka ce giya ba ta ɗumama wanda ya faɗa ruwa, ƙarasa shi take yi. Bai ji kalma ɗaya ta gori daga bakinka ba. Da zai tafi ne kawai ka ce ya dawo maka da wandon, don shi ne na zuwa coci.

Amma duk wanda ya san ka ya san hanyar nan ba don mu kaɗai kake kafa ta ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da matarka Inna Agafya ta rasu a watan Fabrairu, kai da kanka ka ja akwatinta da babur a hankali har tsibiri, muna biye. Ka bar wa kanka wuri a gefenta, ka kafa benci, har gicciyen kabarinka ka sassaƙa ka ajiye a rumbu. Duk Lahadin hunturu kana can, da jan mayafin wuya na ulu da ta saƙa maka, wanda ya sha faci har ba a san ainihin zarensa ba, kana ba ta labarin wanda ya yi wauta a makon.

A Janairun bana likita ya gaya maka gaskiya game da huhunka. Ka shigo gidan waya kana tari, ka ce, "Taya, ni da ƙanƙara tsere muke yi. In na riga ta tafiya, ku ja ni wurin tsohuwa. In ta riga ni, to ta cuce ni." Na yi dariya don kai ma dariya kake yi, amma kowa ya san abin da kake nufi. Idan ƙanƙara ta ruɓe, sati uku ko huɗu babur ba ya wucewa, kwalekwale ma ba ya wucewa, mu kuma a rana ta uku muke binne namu. Burinka ɗaya da ya rage a duniya shi ne ka kwanta kusa da Agafya.

Ranar Asabar da safe, Raisa ta je shago, ta dawo ba ka kan gado. Da tsakar rana aka same ka zaune a kan kifaffen kwalekwale a gaɓa, jiƙe har gwiwa, baki ya karkace, wuyanka a buɗe. Ka yi ta ƙoƙarin magana, harshe ya ƙi. Duk mun ɗauka kewar Agafya ce ta fitar da kai ka hango tsibiri. Daga ranar aka yi ta ruwan sama mai ɗumi har kwana uku, babu wanda ya taka tafki. Raisa ta birkice gida tana neman jan mayafin don a sa maka shi a akwati, ba ta gan shi ba.

Ka rasu Talata, sai sanyi ya dawo. Safiyar Laraba tafkin ya wayi gari da tauri yana ƙyalli, rassanka a tsaye reras iya ganin ido. Ɗanka Gennadi ya iso daga birnin Petrozavodsk, ya tsaya a gaɓa ya buga ƙafa sau biyu, ya ce gobe babura goma za su raka Baba. Mutum talatin ke nan, da akwati, da tsofaffi a amalanke. Na ce masa ƙanƙarar da ta sha ruwan sama kwana uku, sanyin dare ɗaya fatarta kawai yake gyarawa.

"Yaya Taya, ke wasiƙa aka ba ki ki kai, ba hukunci ba. Rassan wa ke tsaye can? Da hanya ta mutu da ya tuge su."

"Gena, yana kwance zai tuge su?"

"Abu ɗaya tsohon nan ya roƙa a rayuwarsa. Ɗaya. Ke ce za ki hana shi?"

Maganar ta soke ni, don ni ma ita nake tambayar kaina tun asuba. Wace ce ni da zan raba ka da Agafya? Na ji tsoro, Kawu. Na ji tsoron in yi shiru mu rasa mutane, na kuma ji tsoron in yi magana in ci amanarka. Sai na yi abin da ka yi mini shekara goma sha tara da suka wuce. Na ɗauko daginka a bayan ƙofa, na ɗaura wa Gennadi igiya, na ce mu je a ƙasa, abin da dagi ya faɗa shi za a yi.

Kilomita ukun farko dagi na shiga sai an soka sau uku, Gennadi na waiwayena yana ɗaga gira. Da muka doshi Maƙoshi launi ya fara komawa toka. Shi ne a gaba, shi ya fara tsayawa. Can a bakin matsatsin, a tsakiyar hanya, rassa biyu ne ɗaure a gicciye a jikin na uku. Jan mayafinka ne ya ɗaure su, da irin ƙullin nan naka da ba ya kwancewa.

Ashe ba tsibiri ka je hangowa ba. Da huhun da ba ya kai ka bakin rijiya sai ka huta, ka taka kilomita uku da rabi don ka ji ƙanƙara da hannunka. Ka ji ta, ka san abin da ta ce, ka kuma san wanda za a fara ɗaukowa ta hanyar nan. Ba ka zo da igiya ba, sai ka kwance abin da ke wuyanka. Ƙarfin tuge sauran rassan ne ya ƙare maka, da kyar ka kai kanka gaɓa. Kwana uku kana kwance kana so ka gaya mana, mu kuwa muna shafa maka kai muna cewa ka kwantar da hankalinka, za mu kai ka wurin Inna.

Gennadi ya miƙo mini hannu. Ya karɓi dagin ya soka sau ɗaya, ruwa ya taso ya jiƙa masa takalmi. Na ce ko mu kwance mayafin mu kai wa Raisa, tana nemansa. Ya kai hannu har ya taɓa ƙullin, sai ya janye.

"Bar shi, Yaya. Aiki yake yi."

Muka juyo muna tuge rassan ɗaya bayan ɗaya har gaɓa, shi dama ni hagu, yana kuka bai ɓoye ba. Ranar Alhamis muka binne ka a sabuwar maƙabarta da ke kan tudu a wannan gefen, cikin mutanen da ba danginka ba. Mun zaɓi bakin shinge, inda ake hango rufin cocin tsibiri. Mutum talatin ɗin da za su hau babura duk sun ci miyar kifi da waina a gidanka, sun koma gidajensu da ƙafafunsu. Ranar Asabar Maƙoshi ya buɗe, baƙin ruwa ya bayyana daga dutse zuwa dutse, ya tafi da gicciyen rassan da mayafin.

Gennadi ya ce ranar addu'ar arba'in, lokacin da kwalekwale zai iya wucewa, zai ɗebo ƙasa daga kabarin Inna Agafya ya zuba a naka, ya kai taka can. Na san ba abin da ka roƙa ba ke nan. Dagin yana wurina, Raisa ce ta ba ni. Ban iya saurare kamar kai ba, kuma ina tsoron Disamba, amma zan fita.

Allah ya jiƙanka, Kawu Trofim, ya gafarta maka kurakuranka da kaifin harshenka, ya sa ka huta tare da bayinsa na gari. Ƙasar da ta karɓe ka ta yi maka sauƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Raisa da Gennadi, da jikokinka biyar, da 'yar'uwarka Inna Fekla da ke tsibiri, wadda ta tsaya a gaɓarsu ranar Alhamis tana jin ƙararrawarmu daga nesa. Allah ya ba su haƙurin rashi, mu ma ya ba mu. Mu dai ba mu iya kai ka wurin Agafya ba. Ina roƙon Ubangijin da tafki ba ya tare shi, ya kai ka da kansa.