Sista Juwairiya, Wadda Ta Mayar wa Ladan Asubarsa

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Sista Juwairiya ta riga ta buɗe ƙaramin asibitin unguwarmu a Akurba. Da kanta take share baranda, ta jera benci, ta shiga auna jinin tsofaffi tana tsokanarsu. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Tun da na ji labarin na kasa zaune na kasa tsaye, don ban san wa za a turo mana ba.

Abin da na gani da idona zan faɗa, a kan kawuna Malam Baballe, ladanin masallacinmu tun ina goye. Bara ƙafafunsa suka kumbura, likita ya rubuta masa ƙwayar da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari. Kumburi ya saɓe, barci kuma ya gagara. Tsakanin shimfiɗa da bayan gida yake kwana, sai gab da asuba barci ya yi awon gaba da shi. Unguwa ta fara makara. Dattawan masallaci suka soma ƙus-ƙus, wai a miƙa lasifika ga mai jini a jika. Kawu kuwa, tuwonsa ya riƙa dawowa yadda aka kai shi.

Ya watsar da ƙwayar, ya koma jiƙon saiwoyin Shima, mai maganin gargajiya da ke zuwa daga Obi ranar kasuwa. Kofi cike yake sha kafin ya kwanta. Fitsari bai ragu ba, ƙafa ta koma kamar turmi, numfashi ya fara yi masa wuya. Na roƙi dattawa su yi haƙuri zuwa tsayuwar wata, na kinkime shi a keke sai wurin Sista, ina tsine wa Shima duk hanya.

"Kai, rufe mana baki tukuna," in ji ta. Ta juya wurin Kawu. "Baba, yaushe kake shan ƙwayar nan?"

"Bayan lisha, 'yata."

"Wa ya ce maka da dare?"

"Ba kowa. Ni ladan ne. In na sha da rana alwala ba ta zama. So kike in riƙa tsallake sahu da buta a hannu?"

Na tuntsire da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Baba, daga sallar asuba zuwa azahar, akwai farillar da ke jiranka?"

"Babu."

"To nan ne gurbinta. Ka idar, ka karya, ka sha. Kafin azahar ta gama aikinta. Da yamma ka miƙe ƙafa a kan matashi, ka rage ruwa bayan magariba."

Ranar kasuwa ta sa takalmi ta je ta sami Shima, ni ina biye ina jiran a yi faɗa.

"Sista, ni ban ce shi bar maganin asibiti ba o," in ji Shima. "Na ce shi sha kaɗan, shi ya sha kamar kunu."

Ba ta kushe saiwoyinsa ba. Ta ce masa ƙwaya an san ƙarfinta, lokacinta aka ɓata. Jiƙo kuwa ba wanda ya san ƙarfin na yau da na gobe, kuma kofi guda a bakin kwanciya ruwa ne, dole ya nemi hanyar fita. Yanzu duk tsohon da Shima ya gani da kumburarriyar ƙafa, wurinta yake turo shi.

Ke ce mai tambaya kafin ki yanke, Sista. Ke ce kika ga tsoho mai tsaron alwalarsa inda mu muka ga taurin kai. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku masu zuwa bayanta, don Allah kafin ku ce wa tsoho bai ji magana ba, ku tambaye shi yadda yake wuni.

Har yanzu Kawu yakan tashi da dare, amma yana komawa ya yi barci. Ranar da wata ya tsaya ban runtsa sosai ba, don na san dattawa sun ajiye wani a shirye. Alfijir ya keto, lasifika ta yi ƙara, aka yi gyaran murya. Tun daga tarin na gane Kawu ne. Matata ta ce in tashi kada in rasa jam'i, na ce ta bar ni in ji shi har ƙarshe.