Muryar Kakata a Cikin Akwatin Ƙarfe

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Nyanya, kawuna ya kawo mini wani akwatin ƙarfe da ya saya a gwanjon ofishinsu. Tsohuwar saba ce, wato kwamfuta irin wadda ake tara bayanai a ciki. Ba ta da allo, ba ta ma da wurin jona shi, sai 'yan fitilu a gaba da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. In kana son magana da ita, sai ka jona mata waya zuwa wata kwamfutar, kana rubutawa tana ba ka amsa.

Abin da kawu yake so a ajiye a ciki shi ne muryar mahaifiyarsu, wato kakata. Kafin ta rasu ya sha ɗaukar hirarta a kaset, tana ba da labarin danginmu. Kaset ɗin sun daɗe da lalacewa, abin da ya rage sai wanda aka juye a wani faifan ajiya guda ɗaya. Ya miƙo mini shi da hannu biyu ya ce, "Ka kula, Inna ce a ciki."

Karatuna bai wuce sakandare ba, gyaran ma a hannu na koya, amma bakina ya fi ilimina girma. Na ce masa ai wannan ƙaramin aiki ne.

Na ciro faifan sabar na jona a laptop ɗina, na ɗora masa Linux, manhajar nan ta kyauta da ke tayar da tsofaffin injina. Ana cikin ɗorawa ta tambaye ni ko ina so a kulle faifan da kalmar sirri, yadda ba mai iya karanta komai sai da ita. Ba wanda ya ce in yi. Burge kawu kawai nake so. Na rubuta "kaka mai ƙosai", don sana'arta ke nan. Na kwashe muryoyin na zuba, na mayar da faifan, na gwada, ta buɗe lafiya. Daga nan na goge faifan kawu na asali na ƙara wa sabar, wai don ta sami wuri.

Ranar Asabar na kai masa gida, wajen Ushafa. Ban ɗauki laptop ɗina ba, tunda yana da tasa. Na jona sabar da laptop ɗinsa, ta nemi kalmar sirri, na rubuta. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ga shi ba ka ganin abin da kake rubutawa, ko ɗigo ba ya fitowa. Fankar tana ta ƙara.

Kawu ya ce, "Bar shi, kawo wancan faifan mu saurara a nan."

Na ce, "Kawu, na goge shi."

Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Wato ka sake binne mana ita ke nan?"

Na rungumo akwatin na dawo Nyanya, yana kan cinyata cikin cunkoson motoci. Mahaifiyata ta kira, na kasa ɗagawa. A shago na jona laptop ɗina, na rubuta da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ina kallon madannai. Ta ƙi. Na gwada da manyan baƙaƙe, na gwada a haɗe ba tazara. Haka na yi kwanaki ina gwadawa. Na riƙa tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata, ina rushewa.

Abokina mai gyaran waya a shagon kusa, wanda a tashar mota ya koyi Hausa, shi ya gaji da ganina haka. Ya ce, "Oga, wannan fuska naka kamar an yi mutuwa. Faɗa mini abin, ni zai rubuta."

Na faɗa masa. Ya rubuta a wayarsa ya nuna mini: kaka mai kosai.

Duk da halin da nake ciki sai na ji bakina ya ce, "Ba kosai ba ne, ƙosai. Mai lanƙwasa."

Ya ce, "Wane bambanci? Duka akara ne."

Nan take na gane: da ƙ mai lanƙwasa na rubuta kalmar sirrin tun farko. Ina buga wa mutane katin biki da na suna, har na saka wa laptop ɗina baƙaƙen Hausa, hannuna ya saba lanƙwasa su ba tare da na sani ba. Kwamfutar kawu ba ta da su. Da na dawo kuma, tsoro ya sa na bar abin da hannuna ya saba, na koma bin abin da ke rubuce a kan madannai, inda babu ƙ. Na yi bisimilla, na rufe ido, na bar yatsuna suka yi abinsu. Sai rubutu ya fara gudu a allon laptop ɗin, sabar ta buɗe.

Kawu ya zo da kansa, ya zauna a bencin shagon da kayan ofis. Na kunna. Kaka ta yi gyaran murya tukuna, kamar yadda take yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙara sauti." Bai bar wurin ba sai da na kwafe masa komai a wasu faya-fayai daban, yana tsaye a kaina.

Ya daɗe da yafe mini, har tsokanata yake yi da malamin ƙosai. Ni dai na san ba lanƙwasar ce ta kusa kashe ni ba, gogewar nan ce da na yi don a ce na iya. Har yau in kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata zan goge, sai in ɗauke hannu, in kira mai kayan in ce ya zo ya danna da kansa.