Irin doyar da Mama ta hana a dafa

Jiya jikata ta nuna mini wani a waya, wai ya san ranar dawowar Yesu. Sai na tuna ƙauyenmu Paikon Kore, tun ba a kawo babban birnin ƙasa nan ba.

Wani baƙo ya shigo majami'armu, ya ce Ubangiji zai dawo kafin damina. Mutane suka shiga dafa irin doyarsu. Babana ma ya buɗe rumbu.

Mama ta tarar da baƙon yana sabunta jinkar ɗakinsa.

"Malam, ruwan wace damina kake tsoro?"

Ta dawo ta rufe rumbunmu.

Da ruwa ya sauka, irinmu aka rarraba, bai ishi kowa ba. A yunwar waccan shekarar har yara muka binne.

'Yan'uwa, kuna duba jinkar mai yi muku wa'azi kuwa?